Wayar Da Ta Tafi Sauke Sukari

Ko zan manta da komai a duniya, ranar da na raka ƙanwata gaida Baffa ba za ta fita daga raina ba. Har yau in na tuna haushi nake ji, kuma rabin haushin na kaina ne.

Ƙanwar tawa tana digiri na uku a Afirka ta Kudu, a kan abin da suke kira baƙin rami. Yadda ta yi mini bayani, wani wuri ne can cikin samaniya da ke haɗiye duk abin da ya matso kusa, amma wani lokaci sai ya yi feshin wuta mai tsawon gaske. Ido ba ya ganinsa, sai wasu manyan faranti masu kama igiyar rediyo. Wanda take bibiya ya shekara biyu shiru. Ranar da ya farka saƙo zai shigo wayarta, ita kuma ta nemi a juya masa farantan nan take, don farkon feshin ba ya daɗewa. A kan wannan digirin nata ya rataya.

Ta zo hutu unguwarmu ta Kilomita Biyar, dole a kai ta wurin Baffa, wan mahaifinmu, mai siton sukari a Titin Koudoukou. Dokarsa kowa ya san ta: wanda ya dawo daga tafiya zai zauna a tabarma har ya sallame shi, kuma ba a taɓa waya. Bayan Azahar muka zauna. Ya yi awa guda yana ba mu labarin wahalar da ya sha a ƙuruciya, labarin da kullum ƙara tsawo yake, sai wayarta ta yi ƙara. Ta saci kallo, ta ɗago kai da sauri.

"Baffa, pardon, a ba ni minti goma. Abin da nake jira ne ya tashi."

Ya sa ta yi masa bayani, ta yi a gurguje. Ya kwashe da dariya har hularsa ta karkace.

"Kin ce wutar ta yi dubban shekaru a hanya kafin ta iso? To ita ce ba za ta jira ki gama gaida ubanki ba? Yeke yeke, 'yata, sannu a hankali. Kawo wayar nan."

Ya jefa ta aljihun babbar riga. Ni kuwa, ƙaton banza, na taya shi dariya. Ta raɗa mini, "Yaya, don Allah ka yi magana." Na ce ta yi haƙuri, yanzu zai gama.

Ba a yi minti ashirin ba tasa wayar ta yi ƙara, aka ce motar sukarinsa ta iso daga Douala. Mai koyar da sannu a hankalin nan zumbur ya miƙe, ya zura takalmi a baibai, ya haye babur ko sallama babu. Wayar yarinya na aljihunsa, kuma lambar da za ta shiga shafin aikinta ta wayar take zuwa.

Muka bi shi. A sito aka ce ya yi unguwar Miskine neman leburori, a Miskine aka ce ya nufi kasuwar Kokoro. Kira goma bai ɗauka ba, ai yana kan aiki mai muhimmanci. Sai bayan Magariba muka same shi zaune a kan buhuna yana shan shayi. Ya laluba aljihu ya ce, "Au, ashe tana nan." Ko a jikinsa.

Malaminta ya kira har ya gaji, farkon feshin ya wuce, wasu masu binciken sun riga ta. Shekara ɗaya da rabi ta ƙara kafin ta kammala. Ranar ba ta yi kuka ba. Kallona kawai ta yi ta ce, "Singila, Yaya," wato godiya da yaren Sango, irin wadda ake yi wa baƙon da ya nuna maka hanya.

Yanzu hotonta da rigar digiri yana rataye a siton Baffa, yana nuna wa masu sari yana cewa tarbiyyarsa ce. Ni ba na iya ɗaga ido in kalli hoton. Abin da na koya shi ne, wanda ya raina aikin wani bai rasa sanin darajar lokaci ba, nasa kawai ya sani. Kuma ba Baffa ta roƙa ya yi magana ba, ni ta roƙa.