Ban Goge Ta Ba, Lallaɓa

Daga Allah muke, gare Shi kuma za mu koma. Ranar Talata, tara ga watan nan, da hantsi, ina tsaka da kwance wata kwamfuta aka yi min waya cewa Allah ya yi wa abokin sana'ata rasuwa, bayan jinyar mako biyu. Shekara goma sha bakwai muna gyaran kwamfuta a shago ɗaya, teburinsa na kallon nawa. Duk layinmu da Lallaɓa aka san shi.

Lallaɓa, ni na laƙaba maka sunan nan, kai kuma ka rama da kirana Sarkin Shara. Asalinsa wani musu ne da bai taɓa ƙarewa ba. Idan aka kawo kwamfutar da babbar manhajarta ta tsufa, wato wadda komai ke tafiya a kanta, ni ra'ayina a kwashe fayilolin mai ita, a yi mata fomatin, wato a goge ta tas, a zuba sabuwa fes. Awa ɗaya an gama, ba datti, ba nauyi. Kai kuwa sai ka ce a ɗora sabuwar a kan tsohuwar, komai ya zauna inda mai shi ya ajiye. Sai ka wuni kana gadin allo, shayinka ya huce, ni ina gefe ina maka dariya.

Ba kullum kake da gaskiya ba, kai ma ka sani. Akwai ta wani malamin asibiti da ta rikice gaba ɗaya. Kwana biyu kana lallaɓa ta, a na uku ka turo min ita ko kai ba ka ɗago ba, ka ce, "Ungo, share abarka." Wata guda na yi ina maka gori.

Amma ban manta da dattijuwar nan ba, wadda ta zo da kwamfutar marigayi mijinta. Har na soka filashin da nake zuba sabuwar manhaja da shi, ka riƙe min hannu. Na ce ai na kwashe hotuna da takardun kaf. Ka ce, "Kaya ka kwashe. Ita so take ta tarar da su yadda ya jera su da hannunsa." Da ta dawo ta kunna, ta ga komai a wurinsa, ta daɗe tana shafa gefen allon. Ko a ranar ban sallama maka ba. Cewa na yi ka ɓata mana wuni.

Shekaranjiya babbar 'yarka ta kawo min kwamfutarka. Manhajar da jami'arsu ta ce a sa ta ƙi hawa kan tsohuwar babbar manhajar da ke ciki. Ta ce, "Baffa, ka yi mata yadda ka ga ya fi. Ni dai ta yi aiki." Taka kuwa irin wadda nake sharewa ba shawara ce: nauyi kamar me, ga tarkacen shekara tara. Na ɗauko filashi. Sai na tuna abin da sabuwar kan fara tambaya bayan fomatin, wato sunan mai kwamfutar. Gurbi ne fari, yana jiran a rubuta sunan wani. Na mayar da filashin aljihun tebur.

Hanyarka na bi. Na adana fayilolin a gefe, na rage mata kaya, na cire manhajojin da kan kawo cikas, yadda na sha ganin kana yi ina tsaki. Na fara ɗora sabuwar a kan tsohuwar, sai ta tsaya a kashi sittin da ɗaya har na fara fidda rai, don na san in ta ƙi, gogewar ta zama dole. Na juya in ce ka zo ka duba min, sai na ga kujerarka. Wallahi shagon nan ya yi min girma, kuma kewarka ba ta taɓa kama ni kamar a lokacin ba.

Da la'asar ta farfaɗo. Foldodin da ka zuba fayilolinka na nan a hargitsensu, ba wadda ta gusa. Ta rubuta sunanka a tsakiyar allo, ta yi maka barka da dawowa. Na zauna ina kallon allon, kamar ina jira ka amsa.

Allah ya jiƙan ka, ya gafarta maka, ya yalwata makwancinka, ya saka maka da irin tausayin da ka nuna wa bayinsa. Ina miƙa ta'aziyyata ga mai ɗakinka, da 'ya'yanka, da 'yan uwa baki ɗaya. Allah ya ba su haƙuri, ya raya abin da ka bari, mu kuma ya kyautata namu ƙarshen.

Ka ci musun, Lallaɓa. Na so a ce kana nan, in ƙi yarda.