Nonon Maƙwabciya

Lokacin da hutun haihuwata ya ƙare, 'yata ba ta san komai ba sai nono. A Mararaba muke haya, aikina kuwa a cikin gari yake. Kafin in fita nakan tatsa a kofi, in rufe, in miƙa wa maƙwabciyata tare da yarinyar. 'Yar Filato ce, tana sayar da kayan miya a ƙofar gida, ita ma tana goyon ɗa namiji. Da cokali take ba ta.

Matsalar ita ce wuta. Idan aka ɗauke ta tun safe, firji ya zama akwati, nonon ya yi tsami kafin azahar.

Wata rana cunkoson motoci a Nyanya ya riƙe ni har la'asar sakaliya. Na iso ina tsammanin kuka, sai na tarar da yarinyar tana barci, cikinta a cike, kofin kuma ba a taɓa ba.

“Maman bebi, naka ya lalace,” in ji maƙwabciyar da irin Hausarta. “Na ba shi nawa. Wannan ƙaton ba ya gamawa, wasa kawai yake yi da shi.”

Na yi mata godiya, kuma har zuciyata na yi ta.

Da na faɗa wa mahaifiyata a waya, sai ta ce:

“'Yar nan, kin san nono zumunci ne. Idan ta saba sha, yaron nan ya zama ɗan'uwanta har abada. Kin san danginsu? Kin san halinsu? A nono ake shan hali.”

“Inna, ai addini bai hana ba.”

“Ban ce ya hana ba. Mijinki ya sani?”

Sai na faɗa wa mijina. Washegari ya dawo da gwangwanin madara da fida, ya ajiye a kan tebur.

Ni na kai wa maƙwabciyar. Ta juya gwangwanin ta karanta bayansa, ta tambaye ni ma'aunin ruwa. Ba ta tambayi dalili ba, ni ma ban kawo shi ba. Daga nan take dafa ruwa, ta wanke fidar tas, ta shayar da nata a ƙirji, tawa kuma da roba, duk a kan tabarma ɗaya.

Yarinyar ta karɓi madarar, ba ta yi ciwo ba, har ta yi ƙiba. Sai dai fida ba ta buƙatar ƙoƙari, kuma jariri yakan gane haka da wuri. Ta fara jan nonona kaɗan ta saki. Na sha kunun kanwa, na sha na gyaɗa, ruwan yana ta raguwa.

Wata Asabar, ina gida tun safe, ba inda za ni. Na ɗora ta a ƙirjina. Ta kau da kai, tana waige-waige. Na jira, na sake gwadawa. Daga baya na tashi na ɗora ruwa a wuta.