Jan Fenti a Kusurwar Katangarmu

Shekarar da na bar koyarwa a Miga na dawo gida Takur, ba ni da abin yi sai zirga-zirga. In fita, in dawo, in sake fita. Shi ya sa da mai unguwa ya aiko cewa za a yi zama a sakatariya don jin ra'ayin jama'a kan kyamarorin da 'yan sanda ke son kafawa, da kuma ƙarin kuɗin ruwan famfo, aka ga ni ya dace in je.

Mahaifina malami ne, a zauren gidanmu yake karantarwa. Ya kira ni bayan azahar. Ya riga ya ga jan fentin da aka shafa a kusurwar katangarmu, inda za a kafa ƙarfen kyamarar.

"Ka ce musu ban ƙi tsaro ba," in ji shi. "Amma abin da ya fi katanga tsawo, cikin gida yake kallo. Akwai mata a nan."

Na ce, "To, Malam."

Ina shiga ciki Inna ta tare ni a bakin madafi. Ashe duk ta ji.

"Rabu da batun kyamarar nan. Wa zai zauna kallon tsohuwa tana tankaɗe? Ka tambaye su, in sun ƙara kuɗin, za a sa wa ruwan lokaci ne mu sani, ko haka za mu ci gaba da gadin famfo?"

Ranar zaman na isa da wuri, na canja kujera sau uku. Kansiloli suna gaba, jami'in 'yan sanda a gefe, sai wani injiniyan ruwa da tarin takardu. Mai jagorantar zaman ya ce saboda yawan jama'a, kowa batu ɗaya zai kawo. Tun daga nan hankalina ya rabu biyu. Injiniyan ya yi bayanin tsadar man janareta da tsufan bututu, ban riƙe ko rabi ba. Wani mai shago da ɓarayi suka taɓa yi wa ta'adi ya ce shi kam ko a kan hularsa ne a kafa kyamarar. Aka yi dariya. Ni kuwa na fita waje, na zaga mota biyu, na dawo.

Da aka nuna ni, na miƙe ban tsai da wanda zan faɗa ba. Sai na ji bakina yana maimaita saƙon Malam, kusan yadda ya faɗa. Na zauna ban faɗi na Inna ba.

Jami'in bai yi musu ba. Ya ce zai zo ya gani da idonsa.

Da na koma gida Inna ta ce, "Me suka ce?"

"Ban samu damar tambaya ba, Inna."

Ta dube ni kaɗan, ta ci gaba da gyaran wakenta. Da faɗa ta yi mini, da ya fi mini sauƙi.

Bayan kwana uku jami'in ya zo da tsani. Ya durƙusa ya gaida Malam, ya nemi izini. Aka ce mata su shiga ɗaki. Ya hau, ya leƙa, bai daɗe ba ya sauko.

"Allah gafarta Malam, da gaskiyarka. Har turmi na hango."

Aka kafa ƙarfen a tsallaken titi, yana fuskantar kasuwa. Malam ya sa masa albarka, ya koma kan buzunsa.

Ni ne na kasa zama. Na koma sakatariya neman injiniyan, sai a zuwa na uku na same shi yana shirin hawa babur. Na faɗa masa tambayar Inna a tsaye. Ya ce an ɗage maganar ƙarin zuwa wani zaman, batun lokaci kuma ya danganta da wutar lantarki, ba zai yi mini alkawarin da ba ya hannunsa ba. Ya rubuta sunan layinmu a bayan wata takarda ya sa a aljihu.

Na kawo wa Inna wannan. Ta ce, "To, ai ka tambaya."

Na sake komawa sakatariya sau biyu, ina karanta sanarwar da ake mannawa a bango, ban ga komai ba. Kafin damina ta sauka na samu wata makarantar a Aujara na tafi. A can ƙanwata ta gaya mini a waya cewa an yi ƙarin, amma ba yawa, kuma yanzu ruwan yakan zo da hantsi yawancin ranaku.