Koriyar Fitila a Ɗakin Baba Saje

Jama'a, wannan ba ji na yi a bakin wani ba, wallahi ni ya faru da ni, lokacin ina gyaran rediyo da talabijin a wani ɗan shago kusa da kasuwar Zuru.

Akwai wani tsohon soja, Badakkare, kowa Baba Saje yake ce masa, ciwon ƙirji ya matsa masa har ɗansa ya aiko masa da ɗan injin taimakon numfashi. To wutar garinmu kun san halinta, tana ɗaukewa injin ya tsaya, tsoho ya hau haki kafin matarsa, Mama Rahila, ta lalubo wayar batir ta jona. Ita ta same ni a shago, ta ce, "Malam, hannuna rawa yake, wata rana ba zan yi sauri ba."

Sai na haɗa masu ɗan allo mai tiransisto biyu, wato 'yan ƙananan makunnan lantarki irin na cikin rediyo. Aikin ba wuya: muddin akwai wutar gari, ɗaya ya buɗe mata hanya, ɗayan ya tare batir, tana ɗaukewa su yi musaya nan take. Na sa jar fitila ta wuta, koriya ta batir.

Bayan mako biyu na leƙa dubiya da hantsi, sai Baba Saje ya ce, "Ɗana, abin nan naka duba yake yi?" Na yi dariya. Muna zaune, fanka na juyawa a sama, kawai koriya ta kama. Na ce ai akwai wuta! Ya ce, "Ƙirga." Ban kai sittin ba fanka ta tsaya.

Na ce ƙila ƙarfin wutar ke raguwa kafin ta tafi. Na dawo da mitar awon wuta na yini a ɗakin, allurarta ko motsi, amma sau uku koriya tana riga ɗaukewar wuta. Na canza tiransiston duka, sababbi fil, ba abin da ya sake. Tiransisto fa ba hankali gare shi ba, abin da ya iso ƙafarsa shi yake bi, to me ke isowa? Shi kuwa tsoho abin daɗi yake masa, sai ka ji yana, "Rahila, gama gugarki, za su ɗauke!"

Wata Laraba bayan la'asar na biya gaisuwa, yana ba ni labarin gonarsa ta hanyar Ribah, sai koriya ta kama. Ni da Mama muka ɗaga kai muna jiran fanka ta tsaya. Na ƙirga sittin, na ƙirga ɗari, tana ta juyawa abinta. Can na ji Mama ta ce a hankali, "Saje?" Yana jingine da bango, injin na ta hura iska, amma rai ya yi halinsa. Innalillahi! Wutar nan ba ta ɗauke ba sai washegari.

Bayan biso Mama ta kawo mini allon a leda, ta ce ba ta iya kallonsa. Na gwada shi a shago, lafiya lau, sai wuta ta tafi yake juyawa kamar kowane allo. Har yau ban san me allon ya ji a ɗakin nan ba.

Shawarata, in kuna zaune da marar lafiya, fuskarsa za ku riƙa kallo. Mu biyu muna wurin, kowa ido a kan fanka, ba wanda ya riƙe hannunsa.