Minti Huɗu a Firjin Kifi

Duk ƙofofin gidan Glenys Tuplin a buɗe suke, har ta banɗaki. Shekara ashirin da biyu muka yi muna feɗe kifi a teburi ɗaya a nan garin masunta na Grimsby, ban taɓa ganin ta shiga ɗaki ta ja ƙofa ba. Baƙi sukan ɗauka sakaci ne. Mu tsofaffin hannu mun san dalili, sunan dalilin kuwa Norris, mijin yayarta.

Norris direban motar kifi ne da ya wayi gari ya ce shi darakta ne. A shekarar 1981 ya aro kyamara, ya tara mu a siton ƙanƙara na wurin aikinmu, wai zai yi fim na ban tsoro. Jinin ruwan sukari ne da jar kala, kayan cikin kuwa na alade ne daga wurin mahauci, kafin la'asar sun fara wari. Ni ma na fito, gawa ta biyu daga hagu, kuma har yau ba wanda ya kushe aikina. Glenys ce jarumar. Shekarunta ashirin da uku, ga kyau, sai dai ba ta iya ihu ba. Da ta buɗe baki sai dariya ta ƙwace mata.

Fim ɗin da ake ɗauka a kai tsada gare shi, don haka a wurin Norris sau ɗaya ake ɗaukar kowace fitowa, ta yi kyau ko ta lalace. Da aka zo inda mugu zai rufe ta a firji, sai ya ce mata, "Ƙanwata, kwanta kawai mu gwada haske. Ba ɗauka muke ba."

Ta kwanta. Ya sauke murfin gilashi, ya datse da kwaɗo, ya jefa ɗan makullin a aljihu, ya kunna kyamara. Firjin kuma yana aiki. Minti huɗu tana dukan gilashin tana kiran sunansa, har faratanta biyu suka cire. Ina kwance cikin gawawwaki ina cewa a raina, ashe yarinyar nan ta iya. Wannan tunanin har gobe yana ba ni kunya. Shi kuwa, don kada ɗaukar ta tafi a banza, sai ya sauya wa mugun da ke cikin fim ɗin suna, ya koma Norris.

Ba gidan sinimar da ya karɓi fim ɗin, Amaryar Ƙanƙara. A kaset ya fito, yana ta shan ƙura a shagunan haya, sai hukuma ta ce ya cika ƙazanta, 'yan sanda suka bi suka kwashe. Nan kakar Norris ta yanke saƙa. Mutanen da ba su taɓa jin sunan fim ɗin ba suka shiga nemansa ido rufe, ana kwafa daga kwafi har fuskoki suka daina fita sosai. Ihun ne kaɗai bai dushe ba.

Tun daga nan Glenys ba ta sake zama Glenys ba, sai dai matar firji. Ƙarti masu gemu, sanye da baƙaƙen riguna masu hotonta, su zo har ƙofar gida da kwalin kaset ta sa hannu, su ce, "Anti, ɗan yi mana ihun nan mana." In ta ce ba wasa ba ne, su yi dariya su ce ta iya barkwanci. Yayarta ta ce ta bar maganar, kada ta kashe mata aure. Sau biyu tana sauya gida, an gudu ba a tsira ba. Norris ya mutu ana kiransa gwani.

Bara sai ga Dominic, mai ɗan kamfanin da ke wanke tsofaffin finafinai ya fitar da su a faifai. Al'adarsu ita ce su zaunar da ɗan wasa a gaban fim ɗin, yana kallo yana ba da labari, su naɗi muryarsa su haɗa a faifan. Glenys ta amsa.

Na ce, "Ke da ko wasiƙarsu ba kya buɗewa? Tsufa ne ya fara taɓa ki?"

Ta ce, "Hilda, sau ɗaya nake so in faɗa a inda ba za a goge ba. In aka yarda da ni, na fito ke nan."

Ɗakin naɗar muryar ƙarami ne, ba taga, kuma dole a rufe ƙofa saboda hayaniya. Ta tsaya a bakinsa ta fi minti goma. Daga baya ta riƙe hannuna ta ce a rufe. Da fitowar firjin ta zo ta faɗi komai, muryarta ko rawa ba ta yi ba, hannuna ne ya sha matsa. Dominic ya cire tabarau ya share ido, ya ce, "Anti, na yi miki alkawari sai duniya ta ji wannan."

Ta fito ranar tana dariya irin ta da. Muka sayi soyayyen kifi da dankali muka ci a bakin ruwa, ta ce tun yaushe rabonta da ta ji yunwa haka.

Bayan wata uku ɗan aike ya kawo faifan. Kwalinsa siffar firji aka yi masa, da murfin roba garai-garai, da ɗan kwaɗo, ga hotonta a kwance a ciki. A jiki an rubuta da jan rubutu: "Ihun gaske ne, ta faɗa da bakinta." Kwana biyu ya ƙare a kasuwa. Abin da ya fi ƙona mini rai, Dominic ba mugu ba ne, shi a ganinsa karrama ta ya yi. An yarda da ita sarai. Yanzu masu zuwa sun ninka, kuma ba ihu suke roƙo ba, faratan suke so ta nuna musu.

Jiya na je gidanta na tarar da kwalin a kan tebur. Ta ɓalle kwaɗon da wuƙar kifi, ta tokare murfin da ƙaramin cokali. Na ce ta jefa shi a shara ta huta.

Ta ce, "Kwandon shara murfi gare shi, Hilda. Bar ta ta sha iska."