Ƙungiyar Kawu da Baba Mai Faci

Har yau in na wuce wurin masu facin taya na ji warin gam, sai zuciyata ta koma bakin layin dogo a Agege, inda aka haife ni. A nan rumfar maƙwabcinmu take, wani Bayarabe da duk unguwa ke kira Baba mai faci. Kawuna kuwa mahauci ne a kwata, kuma gida ɗaya muke da shi.

Ƙungiyar ƙwallon da kuka saba gani a talabijin da sunan unguwarmu, a gaban rumfar nan ta fara. A lokacin samarin kwata da yaran motocin haya na danfo ba sa ga maciji. Fili ɗaya ne a bayan firamare, kowa na cewa nasu ne, har wata damina aka fasa wa wani yaro kai. Washegari Kawu ya tara nasa, Baba mai faci ya tara nasa, suka ce ko dai a haɗu a yi ƙungiya ɗaya, ko kowa ya haƙura da filin.

Kakata ce ta rina musu singileti a babban baho, ina yarinya ina miƙa mata ruwa. Ranar wasan farko aka tsuge da ruwan sama, rinin ya zuba, kowa ya dawo da shuɗin ƙirji. Da yamma Kawu ya kawo kayan ciki aka yi farfesu. Suka zauna a tsakar gidanmu suna ci a faranti ɗaya, suna tsokanar juna da Hausa da Yarabanci. Ƙwallon ɗaya ne tal, kuma Baba ya sha yi masa faci har fatarsa ta asali ta kusa ɓacewa.

Tun daga nan musu ya shiga tsakanin dattawan biyu a kan wanda ya kafa ƙungiyar. Kawu ya ce, "Oga, ni na kawo shawarar." Baba ya ce, "Malam, shawara ake bugawa a fili? Ƙwallon nawa ne."

Muna girma ƙungiya tana hawa. Daga baya wani attajiri ya karɓe ta, ya ɗauko koci, ya yanka wa 'yan wasa albashi, ya mayar da ita babban filin wasa can cikin gari. Da ta shiga rukunin farko, sai a talabijin dattawan ke ganin ta.

Bara kakar wasa ta yi mata muni, kusan duk inda ta je sai an doke ta. A cikin wannan hali ɓarin jikin Baba ya shanye, magana ta yi masa nauyi. 'Ya'yansa suka roƙi Kawu ya riƙa ɓoye masa sakamako. Kawu ya ƙi, ya ce mutumin nan ba yaro ba ne. Bayan kowane wasa zai je ya zauna a bakin gadonsa ya faɗa masa gaskiya, shi kuma ya yi ta kokawa da harshe har sai ya zagi koci.

A wasan ƙarshe nasara kaɗai za ta cece su, aka tashi canjaras, ƙungiya ta faɗa rukuni na biyu. Ni na raka Kawu ranar. Ya daɗe yana riƙe da hannun abokinsa, sannan ya ce, "Oga, na yarda. Kai ka kafa ta."

Baba ya dube shi, ya haɗa kalmomin da ƙyar: "Sai da ta faɗi?"

Suka yi ta dariya har Kawu ya share ido da bakin riga.

Bana ƙungiyar ta dawo wani ƙaramin fili kusa da mu, saboda haka nakan ɗauki dattawan a keke mai ƙafa uku mu je. 'Yan wasan yanzu daga ko'ina suke, babu wanda ya san su. Kwanan baya wani matashi mai kula da fili ya ce musu, "Baba, ku ɗan ja baya, wurin nan na 'yan ƙungiya ne." Na buɗe baki zan yi magana, Kawu ya girgiza mini kai. Ya ja kujerarsa, ya taimaka aka ja ta Baba, suka ci gaba da musunsu a kan ko sabon golan nan zai yi abin kirki.