Duron Maigida da Kwaɗin Inna

A shekarun da kuɗin mai suka fara leƙo ƙauye, maigidana ya kai auduga Kankia, ya dawo da kwanon rufi a bayan akori-kura. Gidanmu ne ya fara ƙyalli a unguwarmu a Dudunni. Daga ranar tafiyarsa ta canza, har tarinsa sai da ya canza.

Ina da tsohon ciki a lokacin, na uku. Duk wadda ta yi wankan jego ta san ruwan da yake ci, safe da yamma tukunya na kan wuta, kuma nauyin kawo ruwan a wuyan miji yake. Rijiyarmu kuwa tana can bakin fadama, sai da jaki. Maigida ya ce shi da wahalar jaki sun yi sallama. Ga damina tafe, ga kwano, ga indararo, mazubi kawai ya rage.

Sai ga shi da wani shuɗin duro da abokinsa ya ba shi, wanda aka juye maganin feshin auduga daga ciki. A jikinsa an zana ƙoƙon kan mutum da ƙasusuwa a gicciye. Surukata, Inna, ta ƙura masa ido.

"Kai, wanga mamacin hwa?"

"Ba mamaci ba ne, Inna. Mai kamfanin ne. Haka Turawa suke in sun tsufa."

Ko yaro ya san ruwan farko na wankin rufi ne, ana barinsa ya bi ƙasa. Maigida ya tare shi kaf, da ƙurar rani da kashin ungulu da busasshen ƙadangare guda. Ya ce ruwan da bai taɓa ƙasa ba ai babu mai tsarkinsa. Na ce masa yana wari. Ya ce ƙamshin asibiti ne, ni ce ban waye ba.

Inna 'yar Rimaye ce, kuma ta taso da al'adar gidansu: baƙon ruwa ba a sha sai an jefa kwaɗo an ga yadda ya kwashe da shi. Ta jefa na farko da hantsi, kafin la'asar ya juya ciki sama. Maigida ya duba gawar da kyau ya ce dama tsoho ne, kwanansa ne ya ƙare. Na biyu ma ya bi sahu, ya ce wannan ɗan ƙauye ne, bai saba da ruwan kwano ba. Na uku yana taɓa ruwan ya yi tsalle ya fice, ya bi ta zaure a guje.

"Kin gani, Inna? Ƙarhi ya ƙara mashi!"

Aka kai wa jaki a ƙwarya. Ya shinshina, ya juya mana baya. Maigida ya ce hassada ce, an ƙwace masa aiki. Ya zuba wa 'yar kuɓewar da ke bayan ɗaki, ƙwari suka zube ƙasa, ya kira maƙwabta su zo su ga albarka. Kowa na dariya, ni kuwa tsoro ya cika ni, haushi kamar in fashe. Da wannan ruwan za a yi mini wanka, da shi za a wanke abin da zan haifa.

Na haifi mace ranar wata Laraba da safe. Maigida da kansa ya hura wuta, ya cika tukunya daga duro, yana ta fara'a. Inna ba ta yi masa faɗa ba. Ta naɗo jaririyar a zane, ta kira shi ƙofar ɗakina, ta ɗora masa ita a hannu. Sannan ta ɗebo ruwan duron a ludayi ta miƙa masa.

"Tunda ka ce ya hi na rijiya, kai za ka hwara ba ta. Da hannunka."

Ina kwance ina kallo. Ya kai ludayin kusa da fuskarta, yarinyar ta buɗe ɗan bakinta tana nema. Ya waiwaya ya dubi mai kamfanin a jikin duro, ya daɗe yana dubansa. Sai ya watsar da ruwan a ƙasa.

"Ludayin ga bai wanku ba," in ji shi.

Ya miƙa wa Inna jaririyar, ya kifar da tukunya, ya nufi turken jaki. Na ji shi yana yi masa magana a hankali, irin muryar da ake ba babban mutum haƙuri da ita. Har na gama wanka, shi da jakin ne a hanyar fadama safe da yamma. Duron kuwa ya huda gindinsa da gatari, ya gangara da shi nesa da gida. Daga baya randuna muka jera ƙarƙashin indararo, mu rufe da faifai, na sha mu tafasa.

Har Allah Ya karɓi abinSa bai taɓa cewa ruwan ne ba kyau, kullum laifin na ludayi ne. Amma duk shekara, da hadarin farko ya taso, shi ne ke fita ya kife randunan da kansa, ya riƙe hannun yarinyar gam, kada ta je ta buɗe baki ƙarƙashin indararo.